Kalmar "E-voting" ta Ingilishi: Faɗin Ma'anarta da Matsalar Fassara Ta zuwa Hausa

Tsakure

Wannan maƙala ta bi diddigin kalmar Ingilishi "electronic voting", wadda ake taƙaitawa "e-voting", ta hanyar duba yadda dokoki, kotuna da hukumomin zaɓe suka yi amfani da ita. An gano cewa kalmar tana rufe ayyuka daban-daban da ba su da alaƙa ta dole da juna, kuma mai fassara ta zuwa Hausa ba shi da damar barin ta a dunƙule kamar yadda Ingilishi ya bar ta.

Asalin kalmar

Kalmomi biyu aka haɗa: "electronic", wato abin da ya shafi laturoni, da "voting", wato kaɗa ƙuri'a. Harafin "e" da ake maƙalawa a gaba kuwa gado ne daga "e-mail", wanda ya yaɗu a shekarun 1990 ya haifi 'yan uwa da yawa a fannin ciniki da mulki. Aikin ya girmi sunan nesa ba kusa ba. A 1869 Thomas Edison ya yi rajistar ƙirƙirarsa ta farko, na'urar lantarki mai ƙirga ƙuri'un 'yan majalisa, amma ba ta samu kasuwa ba. Majalisar Wakilan Amurka ba ta fara kaɗa ƙuri'a da na'ura a zaurenta ba sai a 1973. Ke nan tun farko kalmar tana da ma'ana ta cikin majalisa, wadda ba ruwanta da babban zaɓe.

Yadda ma'anar ta faɗaɗa

A fagen babban zaɓe, abin da kalmar ke nufi ya danganta da ƙasar da ake magana. A Indiya na'ura ce da ake ajiyewa a rumfar zaɓe, mai aiki da batir, ba ta haɗe da intanet. An fara gwada ta a jihar Kerala a 1982, aka yi amfani da ita a duk faɗin ƙasar a 2004. Barazil ta fara nata a 1996, zuwa 2000 ta game ko'ina. A Estoniya kuwa, tun 2005 mutum na iya zama a ɗakinsa ya kaɗa ƙuri'a ta intanet da katin shaidarsa, kuma a zaɓen majalisa na 2023 fiye da rabin ƙuri'un ta wannan hanya suka shigo. Don bambanta wannan ne aka ƙirƙiro "i-voting", sai dai 'yan jarida ba su cika kiyaye bambancin ba.

Hatta hukumomi sun sauya matsayi. Shawarar Majalisar Turai ta 2004 ta ɗaure ma'anar da sharaɗin cewa lallai na'ura ta shiga wajen kaɗa ƙuri'ar kanta. A sabuwar shawarar 2017 aka sassauta, aka ce kaɗawa ko ƙirgawa, ko duka biyun. Da wannan ƙaramin gyara, na'urar da ke karanta takardar da mutum ya cika da hannunsa ta shigo cikin gida, alhali a da tana bakin ƙofa.

Wannan ba gardamar masana harshe kaɗai ba ce. Lokacin da Kotun Tsarin Mulki ta Jamus ta yanke hukunci a 2009 kan na'urorin da aka yi amfani da su a zaɓen 2005, hujjarta ita ce dole talaka ya iya bin sawun ƙuri'arsa da ƙirgarta ba tare da ilimin kwamfuta ba. Ba ta haramta na'ura gaba ɗaya ba, amma da yake suna ɗaya ake kiran komai da shi, sau da yawa haka ake ba da labarin.

Kalmar a Najeriya

Nan ne rikicin ya fi fitowa fili. Sashe na 52 na tsohuwar Dokar Zaɓe ta 2010 ya hana amfani da na'urar kaɗa ƙuri'a. Da hukumar zaɓe ta INEC ta kawo na'urar karanta kati gabanin zaɓen 2015, masu adawa da ita suka ce an karya doka. Hukumar ta amsa da cewa tantance mai zaɓe daban, kaɗa ƙuri'a daban. A ganin mai wannan nazari, hukumar ce ke da gaskiya ta fuskar ma'ana. Duk wanda ya bi layi ya san tsarin: a duba katinka, ka ɗora yatsa a na'ura, a miƙo maka takarda, ka dangwala tawada, ka ninke, ka jefa a akwati. Na'urar BVAS da ta gaji ta farko a 2021 ma aikinta tantancewa ne da ɗaukar hoton takardar sakamako don ɗorawa a IReV, shafin intanet na hukumar da ake duba sakamako. Ƙuri'ar takarda ce, ƙirgar kuma da hannu ake yi a gaban wakilan jam'iyyu. Misalin da ya cika ma'anar kalmar shi ne zaɓen ƙananan hukumomin jihar Kaduna na 2018, inda mai zaɓe ya danna alamar jam'iyyarsa a jikin na'ura.

Matsalar fassara

A bakin masu watsa labarai ana jin "zaɓe ta na'ura", "zaɓe ta intanet", wani lokaci "zaɓen zamani". Na ƙarshen ba ya faɗin komai. Na biyun ya dace da Estoniya, amma kuskure ne idan aka jingina shi ga Indiya. Na farkon ya fi kusa, sai dai "zaɓe" a Hausa ya haɗa komai tun daga kamfe har bayyana wanda ya ci, alhali "voting" kaɗawar ce kawai. Fassara "electronic" da "lantarki" ita ma tana da tarko, domin mai sauraro zai iya ɗauka ana nufin wutar da ake kawowa a ɗauke.

Ƙananan kalmomi ma suna da nauyi a nan. "Da na'ura" na nuna kayan aiki a hannu, "ta na'ura" na nuna hanyar da abu ya bi ya wuce. Saboda haka "tantance masu zaɓe da na'ura", "kaɗa ƙuri'a da na'ura", "ƙirga ƙuri'a da na'ura" da "aika sakamako ta na'ura" kowanne na faɗin aikinsa ba tare da ya shiga gonar wani ba. Shari'ar zaɓen shugaban ƙasar Najeriya na 2023, wadda Kotun Ƙoli ta rufe a watan Oktoba na shekarar, wani babban ɓangarenta a kan na huɗun ya tsaya: ko ɗora sakamako a IReV wajibi ne a doka. Mai fassarar da ya ce wa masu sauraronsa ana shari'a kan "zaɓe ta na'ura" ya ba su labarin wata ƙara da ba a shigar ba.