Yadda Ake Adana Ƙoda Kafin a Dasa Ta, da Abin da Hakan Ke Nufi Gare Ka

Idan kai ko wani naka na shirin dashen ƙoda, akwai wani mataki da ba a cika yi wa majinyata bayaninsa ba, wato lokacin da ƙodar ke wajen jiki, daga cire ta zuwa dasa ta. Tsawon wannan lokaci da yadda aka kula da ƙodar a cikinsa suna da tasiri kan ko za ta fara aiki nan take ko sai ta ɗauki kwanaki.

Me ke faruwa da ƙoda bayan an cire ta?

Da zarar jini ya daina zuwa mata, ƙoda ta rasa iskar oksijin, ƙwayoyinta su fara lalacewa. Don rage wannan, likitoci na wanke jinin da ke cikinta da wani ruwa na musamman mai sanyi, sannan su ajiye ta a kusan digiri 4 na ma'aunin Salshiyas. Sanyi yana rage bukatar ƙwayoyin ƙoda ga iska da abinci, amma ba ya tsayar da lalacewar gaba ɗaya. Shi ya sa ake ƙoƙarin dasa ƙodar mamaci kafin awa 24. Ana iya wuce haka, sai dai kowace awa da ta ƙaru tana ƙara haɗarin.

Hanyoyin adanawa

Ta farko ita ce ajiya a ƙanƙara. Ana sa ƙodar cikin jakunkuna masu tsabta da ruwan adanawa, a saka a akwati mai ƙanƙara. Ita ce aka fi amfani da ita a duniya saboda sauƙi da arha. Daga cikin ruwan da aka fi sani akwai wanda Folkert Belzer da James Southard suka haɗa a Jami'ar Wisconsin ta Amurka a ƙarshen shekarun 1980.

Ta biyu ita ce na'urar da ke tura ruwa mai sanyi ta jijiyoyin ƙodar ba tsayawa. A wani bincike da aka buga a 2009, wanda aka yi a Holan, Beljiyam da Jamus, an ɗauki ƙodoji biyu na kowane mamaci, ɗaya a ƙanƙara, ɗaya a na'ura. Kimanin kashi 21 cikin 100 na ƙodojin na'ura ne suka yi jinkirin fara aiki, yayin da na ƙanƙara suka kai kusan kashi 27. Bayan shekara ɗaya, kashi 94 na ƙodojin na'ura na aiki, na ƙanƙara kuma kashi 90.

Mene ne jinkirin fara aiki?

Ana cewa ƙoda ta yi jinkiri idan majinyaci ya bukaci wankin ƙoda a makon farko bayan dashe. Idan haka ta same ka, kada ka ɗauka aikin ya lalace. Yawancin irin waɗannan ƙodoji kan farfaɗo cikin kwanaki ko 'yan makonni. Amma jinkirin na tsawaita zaman asibiti, yana ƙara kuɗin jinya, kuma yana sa ya yi wuya a gane da wuri idan jiki ya fara ƙin ƙodar. Wani lokaci sai an ɗebi ɗan tsokar ƙodar da allura an duba.

Idan mai ba ka ƙoda rayayye ne

A Najeriya, kusan duk dashen ƙoda daga rayayyen mutum ake yi, galibi ɗan'uwa. A nan ana tiyatar mutum biyun a asibiti ɗaya, a rana ɗaya, don haka ƙodar kan zauna a sanyi na ɗan gajeren lokaci, kuma ƙanƙara ta wadatar. Wannan na cikin dalilan da ƙodar rayayye ta fi saurin fara yin fitsari, sau da yawa tun majinyaci na kan gadon tiyata, kuma ta fi daɗewa tana aiki.

Tambayoyin da ya kamata ka yi wa likitanka

Awa nawa ƙodar za ta yi a wajen jiki? Ta wace hanya za a adana ta? Idan ta yi jinkiri, akwai injin wankin ƙoda a shirye, kuma nawa ne kuɗinsa?

Bayan an sallame ka, ka sha magungunan hana jiki ƙin ƙoda a kan lokaci, kada ka tsallake ko da sau ɗaya. Idan ka ga fitsari ya ragu, ko ƙafa ta kumbura, ko zazzaɓi, ko ciwo a wurin dashen, ka koma asibiti a ranar.