Yadda Ake Tsara Tagogin Girka Manhaja a Kwamfuta

Duk wanda ya taɓa girka manhaja a kwamfuta ya san jerin tagogin da ke bayyana ɗaya bayan ɗaya: ta maraba, ta yarjejeniyar lasisi, ta zaɓen wurin ajiya, sai ta kammalawa. Masu haɗa manhajar ne ke shata wannan hanya, su kuma gindaya sharuɗɗan da ke buɗe wata taga ko tsallake ta.

A tsarin Windows Installer, wanda kamfanin Microsoft ya fitar a 1999 tare da Office 2000, kowane fayil na MSI yana ƙunshe da jadawalai. Ɗaya daga cikinsu ne ke fayyace aikin kowane maɓalli: tagar da yake ciki, abin da zai faru in an latsa shi, sharaɗin da dole ya cika, da lambar da ke nuna matsayinsa a jeri. Wani jadawalin dabam kuma shi ke sa maɓallin ci gaba ya dushe a tagar lasisi har sai mutum ya amince. Idan umarni biyu na buɗe sabuwar taga suka cika sharaɗi lokaci guda, mai lamba mafi girma ne ke aiki. Maɓallin komawa baya ma sai an shata masa tasa hanyar. In an manta, yakan mayar da mutum tagar da aka tsallake masa.

Kayan aiki irin su WiX, da Microsoft ta saki kyauta a 2004, suna zuwa da shiryayyun jerin tagogi da ake iya gyarawa. Shi kuwa Inno Setup, da Jordan Russell ya fara a 1997, yana barin mai haɗawa ya rubuta ƙa'idar tsallake shafi da kansa.

Babban haɗarin yana wajen girkawa a shiru. Jami'an kwamfuta na ma'aikatu da bankuna kan ɗora manhaja a na'urori masu yawa ba tare da wata taga ta fito ba. A nan ana tsallake jerin tagogin baki ɗaya, don haka duk binciken da aka ajiye a bayan maɓalli kaɗai ba zai gudana ba. Ƙa'idar masana ita ce taga ta tattara zaɓi kawai, ainihin aiki da bincike su zauna a matakin aiwatarwa.

Ga mai amfani kuwa, ya dace ya karanta kowace taga kafin ya latsa, domin wasu kan cusa tayin ƙarin manhaja a tsakiyar jerin, da alamar amincewa tun kafin a tambaye shi.