Shayin da ba ya hana barci: daga ina ya fito?

1/ Jama'a, akwai masu shan shayi kofi uku bayan isha su kwanta lafiya, akwai waɗanda kofi ɗaya ke sa su ƙirga silin har asuba. Ina so in ba ku tarihin abin da ke hana barcin, da yadda aka koyi cire shi. Ku biyo ni 🧵

2/ Sunansa kafeyin. A 1819 wani matashin masanin sinadarai a Jamus, Friedlieb Runge, ya ware shi daga 'ya'yan kofi. Marubuci Goethe ne ya ba shi 'ya'yan, ya ce ya bincika abin da ke ciki.

3/ A 1827 aka samo wani sinadari a ganyen shayi, aka raɗa masa suna daban. Sai a 1838 aka tabbatar shi ne dai kafeyin ɗin. Shi ne kuma a goro. To mai cewa ya bar kofi alhali yana tauna goro, bai rabu da shi ba fa.

4/ Ganowa daban, cirewa daban. Wani ɗan kasuwar kofi a birnin Bremen, Ludwig Roselius, shi ya fara cirewa don sayarwa. A 1906 ya kafa kamfanin Kaffee HAG. Matsalar ita ce da sinadarin benzin yake wanke 'ya'yan, wanda daga baya aka gano yana jawo kansar jini.

5/ An daina amfani da benzin tuntuni. Babban sauyi ya zo daga Kurt Zosel na cibiyar Max Planck a Jamus, wajen 1970. Ya nuna cewa in an matse iskar kabon dayoksaid sosai, tana tsotse kafeyin ta bar yawancin ɗanɗano.

6/ Yau shayin da aka rubuta decaf a kwalinsa, ko da wannan iskar aka wanke shi, ko da wasu sinadaran da ake busarwa daga baya. Amma ku lura, ragewa ake yi. Kofin baƙin shayi na da kusan miligiram 40 zuwa 50, na decaf kuwa wajen 2.

7/ Wata hanyar ba ta bi ta ɗakin gwaji ba sam. A tsaunukan Cederberg na Afirka ta Kudu akwai tsiron roibos, wanda mutanen Khoi da San suka daɗe da saninsa. Ba shi da kafeyin tun asali.

8/ Benjamin Ginsberg ya fara cinikinsa a 1904. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu shayin Asiya ya yi wahalar samu, sai kasuwar roibos ta buɗe. Masu asalin ilimin fa? Sai a 2019 aka rattaba hannu a riƙa ba su kashi 1.5 cikin 100 na kuɗin da manoma ke sayar da ganyen.

9/ Yanzu batun gulutin. Likitan yara ɗan ƙasar Holan, Willem Dicke, ya lura cewa a yunwar 1944 zuwa 1945, da burodi ya yanke, yara masu cutar hanji ta siliyak sun samu sauƙi. Da burodi ya dawo, ciwo ya dawo. A 1950 ya gabatar da bincikensa: alkama ce sanadi.

10/ Me ya haɗa wannan da shayi? Ganyen shayi zalla ba shi da gulutin. Amma a Japan da Koriya ana shan shayin gasasshen sha'ir, babu kafeyin a ciki, sha'ir kuwa yana da gulutin. Wasu shayin haɗe-haɗe ma ana sa musu tsiron sha'ir don zaƙi. Mai siliyak ya karanta bayan kwali.

11/ Wanda ba shi da wannan cutar, kada ya biya ƙarin kuɗi don an rubuta babu gulutin a kan ganyen shayi zalla. Dama can babu shi.

12/ Wa ya kamata ya damu da kafeyin? Hukumar lafiyar abinci ta Tarayyar Turai ta ce miligiram 400 a rana bai da haɗari ga babba mai lafiya, mai juna biyu kuwa 200. Ku haɗa lissafi: shayin safe, na mai shayi da dare, goro, lemon ƙara kuzari.

13/ Dabarar nan da ke yawo, wai ka jiƙa ganye daƙiƙa 30 ka zubar da ruwan farko: kaɗan take cirewa. Koren shayi ma yana da kafeyin, haka ataya.

14/ Ni dai shawarata, shayi na gaske da safe, da dare kuma zoɓo mai ɗumi, citta, ko na'a-na'a. Babu kafeyin a cikinsu, kuma suna nan a kasuwar unguwa. Mai juna biyu ko mai shan magani ya tambayi likita tukuna. Ku kuma me kuke sha da dare?