Tarihin Yankan Linzamin Harshe

Linzami shi ne siririn tantanin da ya haɗa ƙarƙashin harshe da ƙasan baki. Kowa yana da shi, sai dai akan haifi wasu jarirai da nasu gajere ko mai kauri, ya riƙe harshen har kusa da tsininsa. In irin wannan jariri ya buɗe baki yana kuka, harshen ba ya ɗaguwa, tsinin kuma yakan loɓa ciki kamar an ja shi da zare. Ana samun haka a jarirai 4 zuwa 11 cikin 100, gwargwadon ma'aunin da aka bi, kuma ya fi yawa ga maza. Sunan da likitoci ke kiran tantanin a harshen Latin ma'anarsa ƙaramin linzamin doki, kwatancen da Bahaushe ma ya yi ke nan.

Yankan linzami tsohon aiki ne. A ƙarni na ɗaya Miladiyya, Selsus, marubucin Rum, ya bayyana yadda ake kama kan harshe da hantsaki a yanke tantanin, tare da kashedin a kiyaye jijiyoyin jinin da ke gefensa. Ya kuma ambaci wani da aka yi wa aikin har harshensa ya iya wuce haƙora, amma maganar ba ta zo ba. Damuwar mutanen wancan zamani magana ce fiye da shan nono.

Abul Ƙasim Az-Zahrawi na Ƙurɗuba, wanda ya rasu wajen shekarar 1013, ya fi kowa tsara aikin a littafinsa At-Tasrif. A wurinsa ba a zurfafa yanka. Bayan an gama, a kurkure baki da ruwan wardi ko ruwan tsami, a sa ɗan ƙyalle a ƙarƙashin harshe don kada wurin ya sake haɗewa, in jini ya ƙi tsayawa a yi lalas. Da aka fassara littafin zuwa Latin a ƙarni na 12, likitocin Turai sun daɗe suna koyo daga gare shi.

A Turai rigimar ta koma kan wa ya cancanci yankan. Wasu ungozomai sukan bar farce ɗaya ya yi tsini, da an haifi yaro su sa shi a ƙarƙashin harshe su tsinke tantanin, ko yana da matsala ko ba shi da ita. Likitocin fiɗa sun yi ta sukar wannan saboda jini da ruɓewar da ke biyo baya, ko da yake akwai kishin sana'a a ciki. Gidan sarauta ma bai tsira ba: a 1601, kwanaki kaɗan da haihuwar yaron da ya zama Sarki Luwis na 13 na Faransa, likita Giyemo ya yanke masa linzami da almakashi. Sarkin ya girma yana i'ina. A ƙarni na 18 likitan Faransa Jan-Luwi Peti ya fito da wani ƙarfe mai faɗin kai da tsaga a tsakiya. Ana ɗaga harshe da shi, tantanin ya faɗa cikin tsagar, jijiyoyin su ɓuya a bayan ƙarfen. Har yau ana amfani da irinsa.

A ƙasar Hausa aikin na wanzami ne, tare da cire beli da kaciya da ƙaho. Haɗarinsa shi ne na Turai na dā: aska marar tsabta da yanka inda babu buƙata.

Da madarar gwangwani ta yaɗu a Turai da Amurka a tsakiyar ƙarni na 20, sai aikin ya kusa ɓacewa, domin bakin kwalba ba ya neman motsin harshe irin na nono. Komawar mata ga shayarwa ita ta dawo da shi. A 2005 hukumar tantance hanyoyin jinya ta Ingila ta amince da yin sa don taimaka wa shayarwa. A asibitocin Amurka adadin yankan ya tashi daga 1,279 a 1997 zuwa 12,406 a 2012.

Hujjar ba ta kai saurin almakashin ba. Nazarin ƙungiyar bincike ta Cochrane na 2017, wanda ya tattara gwaje-gwaje 5 kan jarirai 302, ya samu cewa yankan na rage wa uwa ciwon kan nono na ɗan lokaci, amma bai tabbatar da cewa kullum yana gyara tsotson jariri ba. A 2024 ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ce ana yin aikin fiye da kima, ta shawarci a fara da gyara yadda jariri ke kama nono, a bar yanka ga wanda hakan bai yi wa magani ba.