Girgizar Ƙasa Da Tsofaffin Azuzuwanmu

Tambaya: Wani manomi daga Ƙanƙara, da wasu 'yan kasuwa biyu daga Faskari da Sabuwa, sun aiko suna tambaya, wai shin girgizar ƙasa tana iya aukuwa a yankinsu? In ta auku, yaya makarantun yaransu za su kasance?

Amsa: To, malamai, mun gode da wasiƙunku. Nijeriya dai ba ta cikin ƙasashen da girgizar ƙasa ta addaba, amma ƙasa ta sha motsawa a nan. A 1939 girgizar da ta auka wa Akara ta ƙasar Gana an ji ta har Ikko. An ji motsi a Ijebu-Ode a 1984, da Kwoi ta Jihar Kaduna a 2016, da Mpape ta Abuja a 2018. Duk na cikin gida ƙanana ne, iyakarsu firgita jama'a da tsaga bango.

Batun makarantu kuwa, tarihinsa ya koma Amurka. Ran 10 ga Maris, 1933, ƙasa ta girgiza a garin Long Beach na Jihar Kalifoniya, makarantu kusan 70 suka rushe. Allah ya kiyaye, abin ya faru wajen ƙarfe shida na yamma, yara sun riga sun tashi. Cikin wata guda jihar ta kafa doka, ba a gina makarantar gwamnati sai injiniya ya duba tsarin ginin. A 1939 aka ƙara wata dokar don tsofaffin gine-gine, a duba su, wanda ya gaza a ƙarfafa shi ko a daina karatu a ciki.

Inda ba a yi wannan shiri ba, an sha kuka. A Pakistan a 2005 girgiza ta zo da safe yara na aji, dubbai suka rasu. A lardin Sichuan na ƙasar Sin a 2008, gwamnati da kanta ta ce ɗalibai 5,335 sun mutu ko sun ɓace.

Mu dawo gida. Azuzuwa da yawa a ƙauyukanmu tun zamanin shirin ilimin firamare kyauta na 1976 aka gina su, cikin gaggawa. Irin waɗannan ko girgiza ba sa jira, iskar farkon damina ta ishe su. A Jos a 2024 makaranta ta rufta, mutum 22 suka rasu, ƙasa ba ta motsa ba.

Don haka kafin ruwa ya sauka, iyaye da hedimasta ku zagaya kowane aji. Ku duba tsagar da ta tashi daga kusurwar taga, da bangon da ya karkata, da katakon da gara ta ci, da gindin gini inda ruwa ke kwanciya. Ku tambayi magini ko akwai linta mai rodi da ta ɗaure bangon duka. Ajin da kuka ga alama, a fitar da yara ko da gindin bishiya ne, a rubuta wa sakataren ilimi na ƙaramar hukuma ya turo injiniya.

Da fatan kun gamsu. Allah ya tsare mana yaranmu, amin.