Ƙera Jarumi da Ƙa'idar Karo: Daga Fagen Ruma Zuwa Wasannin Kwamfuta



Gabatarwa

A lokacin da nake karatu a ƙasar waje na zauna ɗaki ɗaya da wani ɗalibi wanda yakan raba dare yana wasa a kwamfuta. Da na tambaye shi yadda suke gane wasa mai kyau, sai ya ce da abu biyu: na farko, irin damar da aka ba ɗan wasa ya ƙera jaruminsa da kansa, na biyu, ingancin faɗan da jarumin zai yi. Da na dawo gida sai na tarar ɗalibanmu ma da ma'aunin nan biyu suke awo a wayoyinsu. Abin da nake so in nuna a wannan lacca shi ne, Bahaushe ya daɗe da yi wa kansa tambayoyin nan biyu, ya kuma ba da amsoshinsu a fagen dambe da kokawa da kalankuwa. Zan kafa hujja da ƙasar Ruma, watau yankin Batsari da Safana a yammacin Katsina, domin ƙasa ce da ta san yaƙi na gaske, ta san na wasa, kuma a 'yan shekarun nan ta ɗanɗana abin da kan faru idan faɗa ya fita daga ƙa'ida.

Asalin wasannin Turawa

Irin wasan da muke magana a kai shi ne wanda mutum kan shiga rigar wani, ya zama shi har labari ya ƙare. A kan takarda aka fara shi. A 1974 Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar da Dungeons & Dragons a Amurka, inda kowane ɗan wasa kan rubuta siffofin jaruminsa da lambobi. A 1977 Marc Miller ya fitar da Traveller, wanda ya kai wasan sararin samaniya, cikin ƙagaggen labarin kimiyya. A cikinsa sai jarumi ya yi shekaru yana aikin soja ko fatauci kafin a soma labari, har ma yana iya mutuwa tun ana cikin ƙera shi.

Da kwamfuta ta karɓi wasan sai ta riƙe wannan tsari. A wasan Fallout na 1997 siffofi bakwai ake raba wa jarumi: ƙarfi, da lura, da juriya, da kwarjini, da basira, da zafin nama, da sa'a. Makin da ake ba ɗan wasa ƙayyadadde ne, saboda haka in ya cika wa jaruminsa ƙarfi, tilas ya rage masa wani abu. A wasan Mass Effect na 2007 kuwa, kafin a harba ko harsashi ɗaya sai ɗan wasa ya zaɓi inda aka haifi jaruminsa da irin wuyar da ya sha a baya. Ku riƙe abubuwan nan uku, watau asali, da baiwa, da rauni, domin za mu sake gamuwa da su a gida.

Ƙasar Ruma da yaƙe-yaƙenta

Bayan da masu jihadi suka ci birnin Katsina a 1807, Ummarun Dallaje ya zama sarki, zuriyar sarakunan Haɓe kuwa suka yi arewa, daga bisani suka kafa mulkinsu a Maraɗi. Tun daga nan ƙasar Ruma ta zama bakin daga tsakanin Katsinawan gida da Katsinawan Maraɗi da abokansu Gobirawa. A 1836 Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ci nasara a kansu a Gawakuke, amma wutar ba ta mutu ba. Wajen 1843 zuwa 1844 garuruwan Ruma suka yi bore tare da Ɗan Mari na Maraɗi, Sarkin Katsina Siddiƙu ya murƙushe su da tsananin da ya sa garuruwa da dama suka watse, daji ya ci gonakinsu. A 1844 aka tuɓe Siddiƙu. Baturen nan Heinrich Barth ya bi ta Zakka, wadda a yau take cikin ƙaramar hukumar Safana, a 1853, a kan hanyarsa ta zuwa Sakkwato, ya kuma rubuta irin zaman ɗar-ɗar da ake yi a wannan hanya.

A irin wannan ƙasa ce aka yi Ɗanwaire, Sarkin Ruma, a ƙarshen ƙarni na goma sha tara, wanda har yau ake yi wa laƙabi da Gwanki Sha Bara. Ku dubi laƙabin da kyau. Gwanki ba ya cikin namun daji masu cin nama. Abin da aka yaba masa shi ne, maharba sun sha auna shi, ya sha tsira. Ashe ke nan tun a fagen yaƙi, juriya da dabara suna gaba da yawan kisa a ma'aunin mutanen wannan ƙasa.

Rundunar wancan zamani kuma kashi-kashi take, kowane kashi da baiwarsa da rauninsa. Ɗan lifidi kibiya ba ta cika huda shi ba, amma nauyi ya hana dokinsa gudu. Barde mai sulke da mashi yana da sauri, amma a cikin sarƙaƙiya dokinsa ba shi da amfani. Ɗan baka yana kashewa daga nesa, amma in aka cim masa sai ta Allah. Ɗan bindiga yana da tsawa, amma kafin ya sake ɗura albarushi an iso shi. Wanda duk ya taɓa zaɓen jarumi a wasan kwamfuta zai gane wannan rabo nan take.

Da Turawa suka shiga Katsina a 1903, hare-haren suka lafa. Wasannin nuna jarunta sun riga Turawa zuwa, amma daga wannan lokaci su ne suka zama babbar ma'ajiyar kalmomin yaƙi da ɗabi'unsa. Shi ya sa har yau ɗan dambe yake cewa ya yi kisa, alhali kuwa abokin karonsa ya tashi ya kaɗe ƙura.

Yadda Bahaushe ke ƙera jarumi

Saurayin da zai shiga dambe ba ya faɗawa fage da sunan da aka raɗa masa ran suna kawai. Da fari yakan nemi gida, watau ubangidan da zai koya a hannunsa, ana ce masa shagon wane. Wannan shi ne asalinsa a fage. A damben zamani har rukuni ake zaɓa, ko Kudu, ko Arewa waɗanda ake ce wa Jamus, ko Guramaɗa. Sa'an nan sai ya san hannun da zai ɗaure, bahago ne ko badame, domin hannu ɗaya ke naushi, ɗayan garkuwa ne. Sa'an nan sai kaya: zaren ɗauri, da layu, da guraye. Daga ƙarshe sai kirari, wanda a cikinsa yake faɗin ko shi wane ne, ɗan wane gari, wa ya kashe, me yake iyawa.

A nan ne bambanci na farko yake tsakaninmu da masu kwamfuta. Jarumin kwamfuta mutum ɗaya ke ƙera shi a cikin ɗakinsa. Na Bahaushe kuwa sai jama'a sun sa hannu. Saurayi yana iya yi wa kansa kirari, amma sai makaɗi ya ba shi take, 'yan kallo sun amsa, kafin sunan ya zauna. Shago da Ɗandunawa ƙarfinsu ya kai su fage, amma bakin Ɗan Anace ne ya kai su kunnen waɗanda ba su taɓa ganinsu ba. Wanda ya yi kirarin da ya fi ƙarfinsa, fage zai tone shi kafin magariba.

Rauni kuma ba a barinsa a baya. Duk ɗan taurin da ya sha maganin ƙarfe an gindaya masa sharaɗin da in ya karya, maganin ya karye. A tatsuniyoyinmu ma duk dodo yana da lago. Hausawa sun gane cewa jarumin da ba a iya kayarwa ba ya ba da labari mai daɗi, kuma ba ya koya wa yaro komi.

Shiga rigar wani bai tsaya ga faɗa ba. A wasan kalankuwa, wanda samari da 'yan mata kan yi da kaka bayan amfani ya zo gida, akan naɗa sarki da alƙali da hakimai, a zamanin Turawa har da gwamna da joji da likita da 'yan doka. Kwanakin wasan duka kowa yana riƙe da matsayinsa, ana kai ƙara, ana yanke hukunci, ana cin tara. A tashe kuma, daga goma ga watan azumi, yaro kan sa gemun auduga ya zama tsoho, ko ya rataya tarkace ya zama mai magani. Wannan makaranta ce ta koyon mulki da zaman jama'a, wadda ba a biyan kuɗinta.

Abin da ke sa karo ya yi kyau

Idan muka tattara ƙa'idojin wasanninmu za mu ga sharuɗɗa huɗu.

Na ɗaya, daidaito. Ba a haɗa ƙato da yaro. Wanda aka nuna wa abokin karon da ya fi ƙarfinsa yana da damar ƙi, kuma wanda ya kayar da na ƙasa da shi bai ƙara suna ba.

Na biyu, iyaka. A dambe da zarar hannu ko gwiwa ta taɓa ƙasa an yi kisa, ba a ƙara naushi. Turmi uku ake yi, in ba kisa a raba. A kokawa ma kayarwa ita ce ƙarshen magana.

Na uku, ramuwa. A sharon Fulani, waɗanda su ma 'yan ƙasar Ruma ne tun kaka da kakanni, wanda ya yi duka ya san akwai ranar da zai buɗe ƙirjinsa a rama. Yabon ma na wanda ya sha bulala bai motsa ba ne. Sanin cewa za a rama shi ke sa hannu ya san awo.

Na huɗu, shaida. Karon da aka yi a ɓoye ba karo ba ne. Sai a gaban sarkin dambe da makaɗa da dattawa, da rana tsaka ko a farin wata.

A langa kuma, inda kowa ke riƙe da ƙafa ɗaya, akwai darasi na biyar. Ƙungiya ba ta ci don ta kayar da mutum nawa. Takan ci ne idan ta kare ruwanta har ya kai masha. Watau ƙarfi na tsaron mai rauni ne. Masu ƙera wasannin kwamfuta na kirki sun biyo ta wannan hanya: a Fallout ɗan wasa mai basira yana iya gamawa da babban abokin gaba da magana kawai, ba tare da ya ɗaga makami ba.

Halin da aka shiga

Jama'a, ba don nishaɗi kaɗai na kawo wannan tarihi ba. Dajin Rugu, wanda ya ratsa Batsari da Safana har ya dangana da Zamfara, ya zama mafakar 'yan bindiga. A 2019 gwamnatin Aminu Bello Masari ta yi sulhu da su, sulhun bai ɗore ba. A watan Fabrairu na 2020 aka auka wa ƙauyukan Tsauwa da Dankar a Batsari, aka kashe mutane da dama. A watan Satumba na 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi goma sha uku na jihar, har da waɗannan biyu. A 2023 gwamnatin Dikko Umaru Raɗɗa ta kafa rundunar tsaro ta 'yan sa kai daga cikin al'umma.

Ku auna wannan faɗa da sharuɗɗan da muka lissafa. Ba daidaito, domin mai bindiga ne a kan mai fartanya. Ba iyaka, domin ba a barin mace ko jariri. Ba shaida, domin cikin dare ake zuwa. Ramuwar kuwa kan faɗa a kan wanda bai ji ba bai gani ba, Bahaushe ne ko Bafillace. Dalilan wannan fitina suna da yawa: ƙarancin makiyaya da burtali, da satar shanu, da rashin adalci a wurin shari'a, da kwararowar makamai. Ba zan ce rashin wasa ne ya kawo ta ba. Amma ƙauyen da ba a iya kwana a cikinsa ba a kafa dandali a cikinsa, kuma yaron da ya tashi bai ga fage ba, dole ya ɗauki siffar jarumi daga wanda ya gani, ko da kuwa mai rataye da bindiga ne a kan babur. Wannan ita ce asarar da ba a lissafa ta cikin shanu da buhuna.

Kammalawa

Shawarata kashi biyu ce. Ga ma'aikata, musamman na ilmi da al'adu da ƙananan hukumomi: a duk inda zaman lafiya ya samu, a maido da fagen kaka, a haɗa dambe da kokawa da sharo a wuri ɗaya, a sa langa cikin wasannin makaranta. Maƙwabtanmu na Nijar sun nuna ana iyawa, domin tun 1975, da aka fara a Tawa, suke gasar kokawa ta ƙasa inda ake ba zakara takobi.

Ga ɗalibai: ku je wurin tsofaffin Ruma da Runka da Zakka, har waɗanda gudun hijira ya kai birnin Katsina, ku ɗauki kirari da take da labaran mazan jiya tun masu su suna raye. Waɗanda suka iya kwamfuta a cikinku kuma su ƙera namu wasan. Wani kamfani a Kamaru mai suna Kiro'o Games ya fitar da wasan Aurion a 2016 bisa al'adun Afirka. Mu ma ba baƙi ba ne a ƙagaggen labarin kimiyya, tun da Umaru Dembo ya kai yaron Hausa sararin samaniya a littafinsa Tauraruwa Mai Wutsiya a 1969. In kun tashi ƙerawa, ku ba jaruminku gida da ubangida, ku ba shi lago, ku sa masa iyakar da in ya ƙetare ta ya faɗi ko da ya kayar da kowa. 'Ya'yanmu za su yi wasa ko mun so ko mun ƙi. Abin da ya rage gare mu shi ne irin jarumin da za su tarar a ciki.

Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya mai da waɗanda suka bar gidajensu.