Vogel: Tsuntsun da Ya Ratsa Fezzan

A harshen Jamusanci, kalmar Vogel, wadda ake furtawa "Fogel", tana nufin tsuntsu. Sai dai kamar yadda Bahaushe kan ce wa jarumi zaki, haka Jamusawa suka faɗaɗa ma'anarta. Sukan kira mutum mai baƙuwar ɗabi'a da ita. Idan suka ce wani "yana da tsuntsu", to taɓin hankali suke nufi. Daga cikinta ne kuma aka samu vogelfrei, wato wanda doka ta janye masa kariya, duk wanda ya kashe shi ba shi da laifi. Da farko laƙabi ce ta maharbin tsuntsaye ko mutum mai fara'a, daga baya ta zama sunan zuriya, kamar yadda Dogo ko Giwa suka zama a ƙasar Hausa.

Wanda ya kawo sunan nan ƙasashenmu shi ne Eduard Vogel, masanin taurari da aka haifa a Krefeld a 1829. Gwamnatin Ingila ta tura shi ya tallafa wa Heinrich Barth. Ya bar Tarabulus a 1853, ya bi hanyar ayari ta Sokna da Sabha zuwa Murzuk, babban birnin Fezzan a lokacin, ya isa Kukawa a farkon 1854. A hanya Abdulwahid ake kiransa, kamar yadda Barth ya zama Abdulkarim. A 1855 ya ziyarci Bauchi da Zariya, aka kuma kashe shi a Wara ta ƙasar Wadai a 1856.

Abin mamaki, wanda ya bi sawunsa shi ma sunan tsuntsu gare shi. Gustav Nachtigal, wanda sunansa ke nufin wani tsuntsu mai kukan dare, ya ratsa Sabha a 1869, ya isa Wadai a 1873, inda ya ji labarin ƙarshen Vogel.

Ma'ana ta ƙarshe a Nijeriya take. Turawa sun sa wa wani dutse mai tsayin mita 2,042 a tsaunukan Shebshi na Adamawa sunan Vogel, alhali yana da sunansa na gida, Dimlang, wanda yanzu aka koma gare shi. Sunan baƙon ya daɗe a taswira.